Ba a Share Rumbu da Damina

Tun da aka kafa duniya, dukiyar ɗan Adam gida biyu ta kasu: wadda ke cikin tukunya da wadda ke cikin rumbu. Littattafan tarihin da nake koyarwa a sakandare a Bodinga suna ɗora faɗuwar dauloli a kan yaƙi da fari da annoba. Ni kuwa, bayan abin da na gani a gidajen mutane, na tabbata babu daular da ta rushe sai da aka wayi gari hannun da ke cikin tukunya ya miƙe har rumbu, ba wanda ya buge shi. Mutumin da ya fi kowa tsaron wannan iyaka a duk ƙasar Shagari shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon hedimasta, mutumin Mandera. Na Allah muke, kuma gare Shi ya riga mu komawa a tsakiyar daminar da ta wuce. Na rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don wani abu da ya bari yana motsi a gidansa, wanda har yau mun kasa tsayarwa.

Zaman makokinsa ya cika har tabarmin gida suka ƙare aka ari na masallaci. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Bodinga da Shagari da cikin birni, wasu da furfura, kowa da labarin ranar da Kawu ya tsayar da shi yana maimaita biyu sau biyu har muryarsa ta dushe. Kowane mamaci ana cewa bai ci hakkin kowa ba, kuma galibi da ƙarfi ake faɗa, don a rufe abin da aka sani. A kan Kawu a hankali na ji ana faɗinta, kamar masu tsoron kada a auna su da mudun.

Washegari taubashinsa ya iso daga Dingyadi, tsoho mai dogara sanda, wanda tun suna yara suke zagin juna cikin ƙauna. Al'ada ta ba shi damar wasa ko a gaban gawa, don haka mutane suka gyara zama suna jiran abin da zai sa a ɗan yi murmushi. Ya yi addu'a, ya shafa, ya daɗe yana duban ƙofar gidan. Sannan ya ce:

"To, shi dai ya huta. Wa za shi yi mashi biyat ɗin wanga wata?"

Ba wanda ya yi dariya. Ƙanen marigayin, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Kamar jira take, sai wayar marigayin ta yi ƙara daga cikin gida. Inna, matarsa, ta ajiye ta a cikin kwano ta rufe da faifai tun ranar da aka fita da shi, kuma kwanon ya ƙara mata amo har muka ji daga zaure. Babbar 'yarsa, wadda ke aikin jinya a Shagari, ta duba, ta leƙo ta gaya wa mijinta, shi kuma ya gaya mana: banki ne ya cire kuɗin saƙonni. Na ga dattawa sun sauke numfashi. Taubashin ya ce ɓera ne kawai, a bar shi ya ci, ai marigayin ya saba ciyar da shi.

Baƙon da bai san Kawu ba zai ɗauka biyar ɗin da ake magana ta salla ce. Ba ita ba ce, ko da yake taubashin ya sha cewa, yana istigfari, Kawu ne kaɗai Musulmin da ya san yana da biyar ta Allah a kullum da biyar ta banki a wata. Ga asalinta.

Shekarar da ya ajiye aiki aka biya shi kuɗin sallama, ya zuba su a asusun ajiya. Bai yarda ya ajiye su a gida ba, domin ya ga abin da gara da gobara da baƙin dare suka yi wa masu binne kuɗi a ɗaki. Da watan Bature ya ƙare sai ya tarar kuɗin sun ƙaru da abin da bai sa ba. Ya sa babbar riga, ya shiga mota zuwa birni, ya tsaya gaban wata ma'aikaciyar banki ya ce su kwashe kayansu daga cikin nasa. Ta yi masa bayani cikin ladabi cewa kuɗin ruwa ne, na'ura ke zuba su, ba ta da ikon hana ta. Da ta ga tsohon bai motsa ba, kuma ta ɗauka yawan cire-cire yake shirin yi, sai ta ja masa kunne: duk wanda ya taɓa asusun ajiyarsa fiye da sau huɗu a wata, to ya yi asarar ruwan wannan watan. Ita a matsayin gargaɗi ta faɗa. Shi a matsayin bushara ya karɓa. Ya sa ta maimaita, kamar yadda yake sa ɗalibi, ya sa mata albarka, ya buɗe asusu na biyu a ranar, na shige-da-fice, wanda suke kira karant, wanda ba ya haihuwar komai.

Na ajiyar ya sa masa suna rumbu. Na biyun ya sa masa suna tukunya. Fansho a tukunya yake sauka, katin cire kuɗin ma na tukunya ne, kuma yana hannun Inna don cefane. Rumbu kuwa ba kati, ba mai sanin lambar sirrinsa sai shi. Yakan ce tukunya ta kowa ce, makullin rumbu kuwa ba ya kwana a hannu biyu. Kowane wata sai ya ɗebi ɗan abu daga rumbu ya zuba a tukunya, sau biyar, a ranaku dabam-dabam, don ruwan ya mutu tun yana ciki. Idan sabon wata ya kama, abin da ya rage sai ya mayar. Banki na gutsurar nasa a kowane motsi, kuma bai taɓa ƙorafi ba. Da na yi masa lissafin cewa abin da ɓeran ke ci a shekara zai sayi buhun gero, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce:

"Gara su ci nawa da in ci nasu."

A kan tagar ɗakinsa akwai ƙwallayen dabino biyar. Farkon wata suna hannun hagu. Duk taɓawa ɗaya, ƙwallo ɗaya ya koma dama. Mutanen gidan ba su duban kalanda, tagar suke duba. In wata ya yi nisa ana ganin biyu a hagu, to ba a kawo wa Kawu maganar aure ko ta rikicin iyakar gona, don hankalinsa ba ya nan.

Da farko mota yake shiga. Da aka fara tura kuɗi ta waya ya koya a yini ɗaya, yana cewa wanda ya koyar da kasafi ba alama da lamba za su gagare shi ba. Matsalar ita ce sabis. A Mandera, a unguwarsu, saƙo kan lallaɓo har cikin gida, amma in don tura kuɗi ne wuri ɗaya yake kamawa sosai: wani tudu a gabashin gari, jikin maƙabarta. Nan ake ganin Kawu da hantsi, ya juya wa gari baya, ya rufe wayar da hannun riga yana dannawa. Taubashin ya ce bai taɓa ganin gari irin wannan ba, inda sabis ya fi kamawa kusa da waɗanda ba sauran mai kiransu.

Alherinsa ma ta wannan ƙofar ya fito, kuma bai yarda a kira shi alheri ba. Abin da ya sauka a tukunya ba kasafai yake komawa rumbu cikakke ba, domin garin ya gane cewa makon ƙarshe na wata dole Malam ya motsa kuɗi, ko da dalili ko babu. Sai masu dalili suka riƙa kawo masa. Wata gwauruwa maƙwabciyarsu, da rufin ɗakinta ya zuba, ta zo tana ta kewaye-kewaye a bakin zaure. Bai bari ta kai ƙarshen maganar ba ya ɗauki hula ya nufi tudu. Da ta dawo godiya, har da hawaye, sai ya haɗe fuska ya ce ba kyauta ya yi mata ba, gudu yake yi ita kuma ta buɗe masa ƙofa, in akwai mai godiya shi ne. Haka ya yi shekaru yana taimakon mutane yana nuna musu su ne suka fisshe shi.

Faɗa ɗaya na san ya yi a rayuwarsa wanda ya kwana, kuma da ƙanensa ne. Kawu Ƙarami manomin albasa ne a fadamar Danchadi. Wata shekara injin ban-ruwansa ya mutu ana tsaka da rani. Ya zo wurin yayansa da wata shawara da ya daɗe yana juyawa: Kawu ya daina taɓa rumbu na 'yan watanni, ya bar ruwan ya taru, ya ba shi. Ya ce ai malamai sun ce irin wannan kuɗi a ba mabuƙaci, ga mabuƙaci har gida. Kawu ya ce ya faɗi kuɗin injin, zai ciro masa daga uwar kuɗin a yau, ba rance ba. Kawu Ƙarami ya miƙe tsaye.

"Abin da kaka zubarwa nir roƙa, Yaya, ba abin da kaka ci ba."

"Ba ni ba ɗan'uwana abin da ba ni ci."

"Kai dai a ce hannunka tsab. Albasa na mutuwa, kana wankin hannu."

Ya fita bai karɓi ko sisi ba, ya sayar da bijiminsa ya gyara injin. Salla biyu suka yi ba abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Ina wurin aka yi, na kuma ga kowannensu da gaskiyarsa, don haka na yi shiru, wanda shi ne aikin masanin tarihi matuƙar masu faɗan suna da rai.

Ni ma na taɓa kawo tawa dabarar. Na ce yanzu akwai bankunan da ba su ba da ruwa, ya mayar da rumbunsa can ya huta da hawan tudu. Game da fansho ya ce zabuwa ce, in ka taɓa gurbinta ta daina yi maka ƙwai, ya ga abokan aikinsa da suka canza banki suka shekara suna bin sawunta. Game da rumbu ya yarda ya gwada. Muka je birni tare. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi karanta babban yatsansa, aka goge, aka shafa masa mai, ta ƙi. Aka ce ya dawo wani lokaci. A mota ya daɗe yana duban yatsan, ya ce alli ya cinye masa shaida. Kowace shekara yakan ce za mu koma bayan kaka.

Ciwon ya fara da kumburin ƙafa. Kafin gero ya fitar da kai numfashinsa ya koma gajere, 'yarsa ta ɗauki hutu ta dawo gida da magunguna da abin awon jini. A wannan watan ya samu ya hau tudun sau huɗu, na huɗun da sanda da hutawa a hanya. Sai aka yi wata iska da ta kwashe rufin gidaje, sabis ya ɗauke gaba ɗaya, har a tudun. Kwanaki suka riƙa tafiya. Duk wanda ya shiga duba shi, bayan ya ce ya jiki, idonsa kan tagar yake zuwa. Ƙwallo ɗaya ne a hagu. Kawu ya daina tambayar abin da awon jini ya nuna, sai dai ya tambayi ko nawa ga watan Bature. Abinci ya koma cokali biyu. Ya gaya wa Inna cewa duk abin da ya tara na marayun da zai bari ne, kuma ba ya son ya tsaya gaban Ubangiji a ce a watansa na ƙarshe ya bar ƙazanta ta faɗa a ciki.

Ranar ƙarshen watan, bayan azahar, wani ya dawo daga gona ya ce wayarsa ta yi ƙara a kusa da maƙabarta. Na zo daga Bodinga tun safe, don haka na durƙusa na ce ya ba ni lambar in je in yi masa. Ya ce a'a. 'Yarsa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce matuƙar tana gidan ba inda zai je, zuciyarsa ba za ta ɗauki hanya ba, ga hadari ya haɗo daga gabas. Ya ce mata ita ta san zuciyar da ke bugawa, shi ya san wadda za a tambaya. Ana cikin haka Kawu Ƙarami, da ya zo dubiya ya zauna a gefe, ya tashi ya fita. Muka ji ya tayar da babur. Ya dawo ya ce da ni:

"Kama min shi. In munka bar shi nan, tagar ga za ta kashe shi kahin ciwon."

Haka muka tafi, Kawu Ƙarami a gaba, Kawu a tsakiya, ni a baya ina riƙe da shi, nauyinsa bai kai na damin gero ba. Garin ya yi duhu da rana tsaka. Tsuntsaye sun yi tsit, iska mai sanyi na kwantar da gero. A kan tudun muka tsayar da shi tsakaninmu, ya sa muka juya fuska, ya rufe wayar da hannun riga. Ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Yatsansa ya kumbura, yana danna lamba biyu a lokaci ɗaya. Ina jin numfashinsa a kafaɗata kamar ana jan zarto.

Kawu Ƙarami, fuskarsa na kallon kaburbura, ya ce tun da an zo, ya kwashe duk abin da ke rumbu ya mayar tukunya a huta, can ba ruwan da zai same su ko me ya faru. Shawara ce mai kyau. Na sha juya ta a raina tun daga ranar, ban ga aibinta ba. Amma Kawu ɗan manomi ne kafin ya zama hedimasta. A gidan da suka tashi, ko yunwa ta kai ina, ba a share gindin rumbu sai sabon hatsi ya shigo, domin mai gidan da ya share rumbunsa da damina ya sanar da gari ya yanke ƙauna. Ya ce:

"Ba a share rumbu da damina. In na tahi, ku raba kahin wata ya mutu. Mi ad da wuya?"

Ya sake dannawa a hankali, sai wayar ta yi ƙara. Ya ɗaga ta kusa da ido ya karanta saƙon har ƙarshe, har da gaisuwar bankin. Ya ce alhamdu lillahi, wannan wata ya fita. Ya dubi filin da ke gefen kabarin mahaifinsu, ya ce wurin ba laifi, ga sabis. Ruwan ya same mu a hanyar komawa. Da muka kwantar da shi, kafin a canza masa riga, ya miƙa hannu ya tura ƙwallon zuwa dama. A daren ya ci tuwo, ya yi wa ƙanensa tsiya kan tuƙin babur. Zazzaɓi ya shiga washegari. Bai ga tsakiyar sabon watan ba. A gefen mahaifin nasu muka sa shi.

Bayan addu'ar bakwai ni da 'yarsa muka kai wa banki takardar rasuwa, kamar yadda doka ta ce, don a tsayar da fansho a fara maganar gado. Ma'aikacin ya yi mana ta'aziyya, ya danna abin da zai danna, ya ce an rufe asusun duka biyu, ba abin da zai fita sai an kawo takardar kotu. Na tambaye shi ko an rufe shiga ma. Ya ce a'a, shiga ba a rufe ta.

Kotu kuwa ba ta raba kuɗi ta bar gona. Sai ga shi fadamar Danchadi, wadda Kawu Ƙarami ke nomawa, gadon mahaifinsu ce da ba a taɓa rabawa ba, domin Kawu ya ce abin kunya ne a ja igiya tsakanin 'yan'uwa suna da rai. Yanzu sai an ja. Dattawan da suka san iyakokin suna kwance a jikin tudun. 'Ya'yan marigayin maza suna son a auna, Kawu Ƙarami ya ce su ɗauki duk inda suke so, a dai fitar da kuɗin nan, amma alƙali ba ya yanke hukunci da kukan mutum, sai da shaidu. Ana zama, ana ɗagawa.

Limamin unguwa ya shiga har cikin gida ya yi wa Inna bayani, kuma bayaninsa daidai ne: daga lokacin da rai ya fita dukiyar ta bar hannun mamaci, abin da ya faɗa cikinta bayan haka ba a wuyansa yake ba, magada su ware shi ranar rabo su fitar. Ta saurara har ya gama, ta yi godiya. Sannan ta ce ita ba ta yi karatu ba, amma an karanta mata saƙon, kuma da sunan Malam yake zuwa. Ta ƙi yarda a kashe wayar. Tana aika ta caji duk bayan kwana biyu, ta mayar cikin kwanon. Ƙwallayen dabinon ta mayar da su hagu, duka biyar, ba ta bari a share tagar.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa abin da ya guje wa ya zama shaida a gare shi, Ya yalwata masa makwanci, Ya haskaka shi, Ya sa ya tarar da rumbunsa na can cike da abin da ya aika. Mu kuma Ya ba mu kyakkyawan ƙarshe, Ya sa mu cika da imani.

Jiya watan Bature ya ƙare. Ina gidan kwanon ya yi ƙara, Inna ta miƙo mini in karanta. Kuɗin ruwa ne. Sun fi na watan jiya yawa.